Kifin da Mestre Belmiro Ya Kife

A garinmu in ka ce wa mutum ya nuna maka Gangaren Kifi, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ce masa titin Belmiro, ko yaron da aka yaye jiya zai nuna maka da baki. Ba hukuma ce ta raɗa masa sunan ba, babu kuma allon da aka rubuta shi a kai. Mutane ne suka ga wanda ya duƙa a wurin, tun daga ƙofar coci har bakin kasuwar kifi, yana jera ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, sai suka ce ai titin nasa ne.

Belmiro ba ɗan bakin teku ba ne. A can kan tudu aka haife shi, ƙauyen da ba a girbin komai sai dutse. Ubansa fasa dutse ya yi har ƙura ta cinye masa ƙirji. Shi kuma yana matashi ya biyo motar da ke kawo duwatsu gari, ya liƙe wa masu daɓen titi har suka gaji da korarsa suka ba shi guduma. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ka zauna a 'yar kujerar da ba ta fi taƙi ba, ka ɗauki dutse a tafin hagu, ka jujjuya shi ka karanci fuskokinsa, ka sare shi da 'yar guduma a cikin hannun naka, sannan ka dasa shi a yashi kusa da ɗan'uwansa. In an jera da yawa a bi da madaɓi a daddanne. Faɗar ke nan. Yin kuwa, sai wanda yatsunsa suka sha guduma har suka daina kai ƙara.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a duƙe, takalman mutane yake sani kafin fuskokinsu. Belmiro kan gane likita da ƙarar takunsa, ya gane fadan coci da nasa. Yakan san wanda aka kora daga aiki tun matarsa ba ta sani ba, don ya ga ya daina goge takalmi. Masu takalman kuwa ba su san da zamansa ba. Sukan kewaye shi yadda ake kewaye ramin da ya tara ruwa, ba sannu ba kallo. Abin yana ci masa rai, kuma tun a lokacin ya ƙudura cewa sai ya yi aikin da zai sa mutanen nan su sunkuyar da kai su dubi ƙasa, suna so ba sa so.

Ermelinda ma ƙafarta ya fara sani. Ƙafa ce ba takalmi, ta tsallake igiyar da ya gitta, ta taka masa duwatsun da bai riga ya daɓe ba. Ya ɗaga murya bai ɗaga kai ba.

"Ke makauniya ce? Ba ki ga igiya ba?"

"Wa ke magana?" in ji wata murya daga sama. "In mutum ne ya ɗago kai. Ni ba na amsa wa ƙeya."

Ya ɗago. Doguwar yarinya ce da faffaɗan kwandon kifin sadin a ka, hannu a ƙugu, wuya a miƙe kamar ba ta ɗauki komai ba. Masifar da ya shirya ta bi iska. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ashe kana da fuska," ta wuce abinta tana tallar kifi.

Masu daɓe suna da al'adarsu. Ba a rubuta sunansu a ko'ina, don haka kowa yakan ɓoye 'yar alamarsa a cikin zanen da aka ba shi: wani tauraro, wani ganye, wani zuciya. Zanen Gangaren Kifi raƙuman ruwa ne baƙaƙe a kan fari. To a daidai inda Ermelinda ke sauke kwandonta ta huta, a tsakiyar hanya, Belmiro ya dasa ɗan sadin guda da baƙin dutse, tsawon tafin ƙafa, da idonsa fari. Ita ta fara ganin sa. Sai ta tura ƙanenta Sidónio ya gaya masa cewa wutsiyar ta yi gajarta, kuma ranar Lahadi ana miyar kifi a gidansu.

Suka yi aure, suka kama ɗaki a saman gangaren, suka haifi 'yarsu Idalina wadda yanzu take aure a Faransa. Ita ta ci gaba da tallarta har ta samu teburi a kasuwa. Shi kuma ya daɓe dandalin coci, ya daɓe bakin teku, aka riƙa ɗaukar sa zuwa wasu garuruwa, har aka daina kiran sunansa gatsal sai an ce Mestre Belmiro, wato babban gwani. Amma gangaren nan shi ne ɗan lelensa. Duwatsunsa sun haɗe baki da baki, ko tsinin wuƙa ba ya samun wurin shiga tsakaninsu. Yakan ce, "Ni rabin aiki na yi, ƙafafun mutane ke ƙarasawa." Gaskiyarsa kuwa. Shekara da shekaru na taku suka goge duwatsun har suka koma suna ɗaukar ido. In aka yi yayyafi sai ka ga hoton gidaje a ƙasa. Baƙi su zo su tsuguna suna ɗaukar hoto, shi kuma yana zaune a ƙofar shagon gahawa, hula a karkace, yana kallon manyan mutane a duƙe gaban aikinsa. Ba a taɓa ba shi lambar yabo ba, bai kuma nema ba. Sheƙin nan shi ne lambarsa.

To amma abin da ke sheƙi a ido, santsi ne a ƙafa. Garin ya tsufa tare da titin. Yara sun tafi ci-rani, an bar mu da tsofaffi da sanduna. Mahaifiyar Dona Graciete, wato uwargida Graciete mai burodi, ta zame ta karya wuyan hannu. Mai raba wasiƙu ya sha ƙasa da kekensa. Aka fara maganar a tone gangaren a zuba kankare. Tabɗi! Ranar da maganar ta iso kunnen Belmiro, kwat ɗinsa ta zuwa coci ya saka, ya je ofishin hukuma ya yi musu ruwan masifa har ana jiyo shi daga bakin titi. Ya dawo shagon gahawa yana huci.

"Dutse ba ya kayar da mutum!" in ji shi, yana dukan teburi. "Takalmi ke kayar da mutum. Ku sayo roba mai sulɓi a kasuwar Asabar, ku zo ku ce laifin dutse ne. Iyayenku da ƙafa tsirara suka bi nan da kaya a ka, wa ya faɗi?"

"Mijin Yaya, a yi a hankali," in ji Sidónio, wanda ya tsufa a kwale-kwalen kamun kifi ya dawo ba shi da aiki sai karta da tsokana. "Wata rana kai ma za ka sumbaci ɗan naka da haƙoran gaba. Au, na manta, babu su."

Aka yi dariya, maganar kankare ta kwanta. Duk wanda ya faɗi bayan haka, tambayar Belmiro ɗaya ce, wane takalmi ya saka. Laifi tudu ne, shi kuwa nasa a zahiri yake taka shi kullum safe da yamma.

Wata safiyar hunturu, wanda a garinmu shi ne lokacin ruwa, bayan yayyafi, Ermelinda ta fito daga kasuwa da jakar lemo. Ta daɗe da barin sayar da kifi, amma tafiyar nan ta mai kwando a ka ba ta bar ta ba, kai a sama, ido a gaba. A tsakiyar gangaren ƙafa ta kwashe. Ta faɗi a gefen ƙugu, siket ya yaye, lemo ya bi gangara yana tsalle. Mazan shagon gahawa duk suka taso a guje. Matar da ta yi rayuwarta ba ta taɓa sauke kwando don wani ya taya ta ba, ga ta kwance cikin ruwa, ana rufa mata kwat a cinya, ana cewa kada ta motsa.

Belmiro yana wurin aski aka kira shi. Ya isa asibiti an riga an shiga da ita. Da aka fito da ita aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, an sa ƙarfe, ya zauna a gefen gado. Yana so ya ce wani abu, bai san me zai ce ba. Sai bakin ya ɗauko abin da ya saba.

"Wane takalmi kika saka?"

Ta dube shi. Ba ta yi masifa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juyar da fuska wajen bango kawai. Magana zarar bunu ce. Ya ji fitar maganar, ya so ya kamo ta, ina!

Ƙashi ya haɗe. Idalina ta zo ta yi jinya ta koma. Likita ya ce Dona Ermelinda ta warke, ta riƙa fita da sanda, tafiyar ma ita ce maganin. A cikin gida tana zirga-zirgarta, ta dafa miyar kabeji, ta share tsakar ɗaki, ta yi wa Belmiro faɗan ya bar hula a kan teburin cin abinci. Amma dokin ƙofa ya zama mata iyakar duniya. Coci ba ta zuwa, kasuwa ba ta zuwa. Sai ta ja kujera bayan labule tana kallon masu wucewa. Ya ce ta kama hannunsa su fita.

"In kama hannunka? A ce ga buhun dankali nan Mestre yana ja? Bar ni inda nake."

Shi ya koma zuwa cefane, mutumin da bai san bambancin kifin yau da na shekaranjiya ba. Ya kawo, ta ɗaga kunnen kifin ta leƙa, ta shinshina, ta ce, "Wannan ya riga kakata mutuwa." Ta soya su ci. Maganar asibiti ba ta sake tasowa ba, amma tana nan zaune tare da su a teburi. Ya ga matar tana raguwa. Wuyan nan da bai taɓa lanƙwasa ba ya fara sunkuyawa, muryar da ake ji daga kasuwa har coci ta koma ta cikin ɗaki. Ya tsorata ƙwarai, don ya san tsofaffin da suka zauna bayan labule, ya kuma san ta inda ake fito da su.

Wata safiya ya dawo daga sayen burodi, yana shan kwana sai ya hango ƙofarsu a buɗe. Ya tsaya. Ermelinda ce a dokin ƙofa da gyalenta na fita, ba ta gan shi ba. Ta miƙa sandar ta ɗora bakinta a kan duwatsun, ta ɗan danna. Sandar ta zame sulul. Ta janye ta, ta sake gwada wani wurin, ta sake zamewa. Ta tsaya tana kallon gangaren har ƙasa, irin kallon da ake yi wa karen da ya taɓa cizon mutum. Sannan ta cire gyalen a hankali ta rufe ƙofa. Belmiro ya jingina da bango, burodi a hammata. Tun da yake bai taɓa ganin titin nan da idon wani ba sai ranar, kuma kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

Washegari ya koma ofishin nan da ya taɓa tayar wa hankali, wannan karon hula a hannu. Ya roƙi izinin taɓa gangaren. Ma'aikatan suka dubi juna, suka ba shi.

Abin da ya sani, wanda kowane mai daɓe ya sani amma ba mai son faɗa, shi ne dutse yana da baya. Fuskar da aka sare da kyau ita ake sa wa sama. Ta ƙasa kuwa gurzazza ce, mai kaushi, ba ta san taku ba. In ka tono dutse ka kife shi, launinsa na nan, zanen na nan, santsin ya tafi. Sai dai kyan ma ya tafi. Bakuna ba za su ƙara haɗewa ba, dole a cike tsakani da yashi, aikin ya fito kamar na ɗan koyon da ya fara jiya.

Ya ciro 'yar kujerarsa da gudumarsa daga ƙarƙashin bene, ya gitta igiya, ya fara daga ƙofar gidansa. Ba duka titin ba, tsiri guda a tsakiya, faɗin da mutum biyu za su jera. Dutsen farko ya ƙi fitowa, don wanda ya dasa shi bai dasa don a cire ba. Da ya fito, Belmiro ya riƙe shi a tafi, ya shafa fuskar nan mai laushi da babban yatsa, ya kife ta cikin yashi. Gwiwoyinsa suna kuka, bayansa yana kuka, bai saurare su ba.

Sidónio ya zo ya tsaya a kansa, hannu a aljihu.

"Mijin Yaya, tsufan ne ya taɓa kan? Wannan ai ko ni zan yi shi da ƙafar hagu."

"To tsuguna ka yi, ɗan kwale-kwale."

"Wa? Ni? Gwiwata ta gado ce, ba na wasa da ita." Ya dubi tsirin, ya bi shi da ido har ƙofar yayarsa. Tsokanar ta fita daga muryarsa. "Ta sani?"

"Tagarta na kallon nan. Ban gaya mata ba, ba ta tambaye ni ba."

Tsofaffin abokan aikinsa da suka ji labari suka zo suka gani, suka girgiza kai suka tafi. Wannan ya fi masa zafi a kan ciwon baya. Wata rana kuma wata baƙuwa mai tabarau, da ganin ta ka san ta taso takanas don ta ga titin, ta tsaya a bakin igiya ranta a ɓace.

"Bawan Allah, wa ya sa ka wannan ɓarna? Ka san aikin wa kake lalatawa? Aikin Mestre Belmiro ne fa! Ka san shi kuwa?"

Ya dubi takalmanta, masu kyau ne, na tafiya. Ga yabon da ya yi rayuwarsa yana jira, ya zo masa har inda yake, a ranar da ba shi da wurin ajiye shi.

"Na san shi, Dona," ya ce. "Gwani ne. Sai dai kansa ya fi dutsensa tauri."

Ta yi tsaki ta ɗauki hoton gefen da bai taɓa ba.

Bazara na shigowa ya iso wurin kifin. Yana nan a tsakiyar hanya, daidai cikin tsirin, kuma duk titin babu inda ya kai shi santsi, don yara sun mai da taka shi wasa. Belmiro ya zauna a gabansa har gahawar da Dona Graciete ta kawo masa ta huce. Zai iya karkatar da tsirin ya kewaye shi, ba wanda zai ce don me. Amma sai ya hango Ermelinda tana gangarowa a miƙe, ta zo nan dole ta ratse gefe, ta ba wa alamarsa hanya. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro wutsiyar. Da ya gama kifewa, abin da ya fito ba ya kama da sadin. Sidónio ya ce kwaɗo ne da mota ta taka, kuma ba a iya cewa ya yi ƙarya ba.

Ya kai tsirin har bakin kasuwa, ya daɓe, ya share, ya naɗe igiyarsa. Bai ce mata ga hanya na yi miki ba. Ya san matarsa, in ya faɗa ya ɓata. Kwanaki suka wuce tana bayan labule, har ya fara cewa a ransa ya kashe ɗansa a banza.

Sai wata safiya aka tashi da yayyafi. Ya dawo da kifi a takarda, ta buɗe, ta ɗaga kunnen, ta ture shi gefe.

"Wa ya sayar maka da wannan?"

"'Yar Custódia."

"'Yar Custódia! Yarinyar da na koya wa uwarta riƙon wuƙa? Ni za ta aiko wa wannan?"

Ta ɗauki gyale, ta ɗauki sanda, ta rataya kwando a hannu da kifin a ciki. A dokin ƙofa ta tsaya. Ta ɗora bakin sandar a kan tsirin ta danna. Sandar ta tsaya cak. Ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ta biyu.

Belmiro ya bi ta a baya, nesa kaɗan, hannayensa a bayansa don kada su yi masa shisshigi. Dama da hagu titin yana ta ƙyalli da ruwa, tsakiya kuwa ga mummunan tsiri nan dushi-dushi, ga kuma matarsa a kai tana tafiya. Da farko tana kallon ƙasa. Can sai kan ya fara ɗagowa. Mazan shagon gahawa suka gan ta, Sidónio ya yi musu wani kallo, kowa ya mai da ido kan kartarsa kamar ba abin da ke wucewa.

A wurin kifin ta tsaya. Ta ƙwanƙwasa shi da sanda.

"Kai tsoho, zo nan. Mene ne wannan?"

"Sadin ne."

"Na sayar da kifi tun ban san ɗaurin gyale ba, ban taɓa ganin mummuna irin wannan ba." Ta ɗora ƙafa a kansa, ta sakar masa nauyinta duka, ta ɗan murza. Ƙafar ba ta motsa ba. Sannan ta kama gefen siket ta ɗage shi kaɗan daga idon sawu.

"Ka yi mini tambaya a asibiti, ban ba ka amsa ba. Duba da kyau, kai da ka san takalmin kowa."

Ya sunkuya. Baƙin takalmi ne mai maɗauri, gefen hagu a goge inda ya gurji dutse. Shi ne na ranar. Ta ajiye shi duk tsawon watannin nan, kuma shi ta zaɓa ta saka yau.

Ya cire hularsa, ruwa na sauka a kan sanƙonsa.

"Na gani, Ermelinda. Takalmin ba shi da laifi."

"Da ma na sani," ta ce. "So nake in ji daga bakinka." Ta saki siket ɗin, ta miƙa masa kwandon. "Ungo, riƙe wannan. Hannuna kuma ka bar mini abina. Mayar da hularka kada mura ta kama ka, mu je in ga 'yar Custódia."